Kada Gobir Ta Zama Koriya

Na gaji da wata magana da ke yawo a WhatsApp da teburan mai shayi: wai tunda sojojin Nijar sun juya mana baya, a garƙame iyaka, kowa tasa ta fisshe shi, kuma duk wanda ya ce a zauna a tattauna matsoraci ne. Mai faɗin haka bai san Gobir ba, bai kuma ji labarin Koriya ba.

Mutanen Koriya jini ɗaya ne, harshe ɗaya. A 1945 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ja layi suka raba ƙasar biyu. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ci miliyoyin rayuka, kuma abin da aka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yulin 1953 tsagaita wuta ce kawai. Har gobe babu yarjejeniyar zaman lafiya. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai shinge mai tsawon kilomita kusan 250, cike da nakiyoyi. To, sama da shekara 70 da rufe ƙofa, wa aka kayar? Gidan Kim na nan kan mulki a Koriya ta Arewa, jika ne ma yanzu a kujerar. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne tsofaffin da aka raba da 'yan'uwansu tun suna yara. Haɗuwar ƙarshe da aka shirya musu a Agustan 2018 ce, ta 'yan kwanaki, ita ma sai da shugabannin ɓangarorin biyu suka zauna tukuna. Da magana ta tsinke, haɗuwar ta tsinke, tsofaffin suna ta mutuwa suna jira.

Dawo gida. Bayan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Ingila da Faransa suka zo suka ratsa layi a tsakani, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Najeriya. Zanen fuska ɗaya, auratayya ɗaya. Ko Gulbin Maraɗi shiga Nijar yake yi ya dawo mana.

Mun ma ɗanɗana somin-taɓi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. Janar Tchiani, shugaban sojojin, bai sauka ba. Mai albasa ne ya yi asara, da mai dabbobi, da mara lafiya. Ɗan bindiga kuwa ba ya neman izinin kwastan. Ta daji yake bi, a rufe ko a buɗe. Waɗanda suka sassauta wutar rikicin ba su tafi da tankar yaƙi ba: tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, da Khalifa Muhammadu Sanusi II tare da Sarkin Damagaram, su suka samu ganin Tchiani a Yamai. Sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kuma a tuna, tun 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Isa da Sabon Birni, dubban mutanenmu yankin Gidan Runji a Nijar suka gudu, mutanen can suka raba hatsinsu da su. Waɗannan za mu kira abokan gaba? Kai, a ji tsoron Allah!

Batun Faransa da siyasar manya na nan, ban musa ba.

Amma abin da ke hannunmu ya fi yawa. Saƙon da ba ka san tushensa ba, kada ka tura, ko da daga malaminka ya fito. In an yi suna ko rasuwa a ƙetare kuma hanya ta yi lafiya, ka je. In ba ta yi ba, ka buga waya. Limamai su sa zumuncin ƙasashen biyu cikin huɗuba. Hakimai da masu gari na ɓangarorin biyu su riƙa sanar da juna motsin ɓarayin daji. 'Yan kasuwa su daina zagin baƙo a kan laifin gwamnatinsa. 'Yan majalisarmu na gabashin Sakkwato kuwa, mu tambaye su a bainar jama'a: me kuka ce a Abuja game da zama da Yamai? Mai karatu, ka fara da wayar da ke hannunka.