RUBUTACCEN SHIRI: Idan Kayan Waje Suka Raba Ka Da Aikinka a Amurka, Wa Zai Tallafa Maka?

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa, jihohin Mishigan, Ohayo da Indiyana, inda masana'antun mota suka fi yawa. Kun san motar da kuke gani an rubuta mata Ford ko Chevrolet, ba kamfani ɗaya ne ya ƙera komai nata ba. Wani kamfani ne ke yin kujeru, wani burki, wani fitila, wani wayoyin lantarki, sai babban kamfanin ya harhaɗa. To idan babban ya rufe, ko ya koma sayen kayan daga Meziko ko Sin, waɗannan ƙananan su ke fara shan wuya. Tambayata ita ce: ma'aikacin da aka sallama, gwamnati za ta taimaka masa?

Akwai shiri na musamman da ake kira TAA, wato tallafi ga ma'aikatan da cinikayya da ƙasashen waje ta raba da aikinsu. An fara shi a 1962 zamanin Shugaba Kennedy, aka faɗaɗa shi da dokar cinikayya ta 1974, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ce ke kula da shi. Hikimar ita ce, tunda gwamnati ce ta buɗe ƙofa kayan waje masu arha su shigo kowa ya amfana, bai kamata a bar wanda ya rasa abincinsa ya ɗauki asarar shi kaɗai ba.

Amma fa, a nan gizo ke saƙar. Sallamar kaɗai ba ta isa ba. Sai an shigar da takardar koke a madadin ma'aikatan wurin, ko su da kansu, ko ƙungiyar ƙwadago, ko kamfanin, ko ofishin ayyuka na jiha. Daga nan ma'aikatar ta yi bincike, doka ta ba ta kwana 40. Abin da take nema shi ne hujjar cewa shigowar kaya daga waje ta taka babbar rawa, ko kuma an kwashe aikin an kai wata ƙasa. In mutane ne kawai suka daina son irin motar, ko aka kawo inji ya maye gurbin mutum, to ba ka ciki. Ka ga mutum biyu a unguwa ɗaya, duk an sallame su, ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba.

Masu ƙera sassan mota nasu ya fi sarƙaƙiya, don galibi ba su aka yi wa gogayya kai tsaye ba, wanda suke sayar wa ne. Dokar 2002 ta shigar da irinsu cikin shirin: in kamfanin da kuke kai wa kaya an riga an tabbatar cinikayya ta taɓa shi, kuma kayan da kuke kai masa sun kai kashi 20 cikin ɗari na cinikinku, ko rasa shi ya taka babbar rawa wajen sallamarku, to kun cancanta.

Me ake samu? Na farko, a biya maka kuɗin koyon sabuwar sana'a. Na biyu, kuɗin mako-mako bayan na rashin aiki ya ƙare, muddin kana cikin karatun. Na uku, taimakon neman aiki da na ƙaura zuwa wani gari. Sannan wanda ya kai shekara 50, in ya samu aiki mai ƙarancin albashi, ana cika masa rabin giɓin har shekara biyu, iyaka dala 10,000. Misali, da yana karɓar dala 45,000 a shekara, yanzu 35,000, za a ƙara masa 5,000 kowace shekara.

Yanzu ga inda abin ya taɓa ni. Ranar 1 ga Yuli, 2022, wa'adin shirin ya ƙare saboda majalisar dokoki ba ta sabunta shi ba. Waɗanda aka amince da kokensu kuma aka sallame su kafin ranar sun ci gaba da amfana, amma aka daina amincewa da sababbin koke. Wato wanda aka sallama bayan nan, kuɗin rashin aiki na jiha ya rage masa, wanda a yawancin jihohi ba ya wuce mako 26. Magidanci ɗan shekara 55 da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa burki, wata shida aka ba shi ya sake rayuwa.

Ni dai a ganina, duk ƙasar da ta buɗe kasuwarta, to akwai bashin waɗannan mutane a kanta. Ku fa, me kuka gani? Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba. Sai Allah ya kai mu, ku huta lafiya.