Rancen Korona Ba Kyauta Ba Ne

Yau maganarmu ta kuɗi ce, kuma da ku nake, matan Gwiwa da Roni da Kazaure da Ɓaɓura, masu tuyar ƙuli-ƙuli da dahuwar daddawa da kiwon awaki a cikin gida.

Kuna tune da shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka kulle garuruwa, kasuwanni suka tsaya, jarin mata da yawa ya ƙare a tukunya. To, a watan Maris na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya ware Naira miliyan dubu 50 don a ranta wa magidanta da masu ƙananan sana'o'i ta hannun bankin NIRSAL. Ruwan da aka ɗora kashi 5 ne cikin 100 da farko, da sharaɗin zai koma kashi 9 daga baya.

Niyyar mai kyau ce, amma ta intanet ake cika takardar neman rancen. Ina macen ƙauye, wadda ko wayar kirki ba ta da ita, za ta iya wannan? Sai dillalai suka shigo, suna karɓar lambar BVN ta mutane, su cike musu, in kuɗi sun fito su yanki rabonsu. Wata kuma maigida ne ko ƙane ya ce ta ba shi lambarta, ta miƙa don kunya, ko ƙwandala ba ta gani ba. Har ila yau aka baza magana wai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne na arzikin ƙasa. Dama tun rancen TraderMoni na Naira dubu 10 da aka raba a 2018, gab da zaɓe, mutane suka saba da wannan zato.

To 'yar'uwa, ga abin da dillali bai gaya miki ba. Daga ranar 1 ga Agusta 2020 akwai wata ƙa'ida da ake kira GSI, wadda ta ba banki ikon ciro bashinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da lambarki ta BVN, ko a wane banki yake. Wato sai ki yi wata shida kina kiwon rago, ki sayar gabanin Babbar Salla, mai saye ya tura miki kuɗi, ki aika yaro wurin mai POS ya dawo ya ce babu komai a ciki. Banki bai san maigida ba, bai san dillali ba, sunan da ke kan takarda kawai ya sani.

Ita ma gwamnati ta tafka asara. Ana ba da rancen dala ɗaya tana kusan Naira 360 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura 1,400, don haka ko wanda aka biya ya zube daraja, balle wanda aka ƙi biya. A Disamba 2023 Babban Banki ya daina karɓar sababbin takardun neman irin wannan rance. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan, domin mai gaskiyar da ta biya nata daidai ita ma ƙofar ta rufe da ita.

In kin taɓa ba wani lambarki a wancan lokaci, kada ki zauna jiran tsammani. Ki shirya ki je banki da kanki, ki nemi a duba miki ko akwai bashi da sunanki, da nawa ne, a rubuta miki a takarda, sannan ki nemi a yanka miki biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya ci kuɗin kuma a zaunar da shi gaban manya. Ke kuma uwar adashi, kada ki kuskura ki ajiye zubin mutane a asusunki sai kin tabbatar ba a bin ki komai.