Ciwon Ƙirji Ga Mai Shan Maganin Hawan Jini

'Yan'uwa manoma, cikin zagayen da muke yi wa ƙungiyoyinmu daga Yammedi zuwa Rogo, mun sha jin magana ɗaya. Mutum ya soma shan maganin hawan jini, yana cikin huɗa ƙirji ya yi masa nauyi, sai ya zubar da ƙwayoyin. To, nan hatsarin yake.

Gaskiya ne, waɗansu magunguna suna iya jawo ciwon ƙirji. Nifedipine da hydralazine kan buɗe hanyoyin jini da sauri, sai zuciya ta ƙara bugu, ta bukaci jini fiye da wanda take samu. Amlodipine ma kan yi haka jefi-jefi ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka ƙuntata, musamman a farkon sha ko in an ƙara masa yawa. Amma atenolol da propranolol, barinsu farat ɗaya shi ke tayar da ciwon, har zuciya ta samu lahani. Saboda haka kada mu yanke wa kanmu hukunci. Mu ɗauki kwalin maganin mu koma wurin wanda ya rubuta mana, domin akwai wani irin da zai sake mana.

Sai dai akwai ciwon da ba ya jiran ranar kasuwa. In ƙirji ya danne kamar an aza dutse, ciwon ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, a ajiye fartanya. A nemi mota nan take zuwa babban asibitin Ƙaraye ko na Rogo. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura Kano.

Har ila yau, mu yi hattara da ƙwayoyin gajiya na kasuwa irin su ibuprofen da diclofenac. Suna ƙara hawan jini, suna kuma jawo gyambon ciki mai ƙuna a ƙirji. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya.

Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, da kaka a ware kuɗin magani kamar yadda ake ware na taki, don kada ya yanke wa kowa da damina. A kuma riƙa awon jini, a rubuta a littafi. Wanda nasa ya tsaya a 140/90 ko sama, ya ga likita.

Gona ba ta noma kanta. Sai da mai ita.