Haɓar Yaro Da Kyan Fuska

Ya kai maigida, ka taɓa lura da yadda mutane su ke auna kyan fuska? Daga gaba su kan duba idanu da murmushi. Daga gefe kuwa, abin da ido ya ke bi shi ne hanci da leɓe da haɓa. In haɓa ta turo gaba ainun, sai a ce yaro ya cika fushi. In ta koma baya, haƙoran sama suka fito, leɓe ba ya rufuwa, sai a ce wawa ne. Alhali ba fushi ba ne, ba wauta ba ce, muƙamuƙin sama da na ƙasa ne ba su dace ba.

A ɗakin shan magani na ga yarinya wadda ba ta dariya sai ta rufe baki da gyale, saboda sunan da yara suka laƙa mata. Uwarta kuwa tsoronta kada ta rasa miji. Ga ta da dara-daran idanu, amma ba mai ambatonsu.

Abin da ke kawo shi

Yawanci gado ne. Tsotson yatsa bayan shekara 4 ya kan tura haƙora gaba. Yaron da hancinsa ya ke toshe kullum, yana kwana baki buɗe, shi ma a duba shi. Sa'an nan in yaro ya faɗi bisa haɓa, gaɓar da ke kusa da kunne ta kan lalace, baki ya karkace ko ya ƙi buɗewa sosai.

Abin da za ka yi

Kai yaro wurin likitan haƙori yana shekara 7, watau lokacin famfara. Tun ƙashi yana girma, waya ta kan gyara da yawa. In karkatar ta yi tsanani, a kan yi aiki bayan ƙashi ya gama girma, wajen shekara 18, a manyan asibitoci kamar na koyarwa a Kano da Zariya. Gyaran nan ba don kyau kaɗai ba ne, har da tauna da magana.

Kafin nan, hana sunan tsokana a gidanka. Kada ka ɓoye yaro, kada ka cire shi daga makaranta. Yabi abin da Allah ya ba shi, gama yadda ka dube shi, haka zai dubi kansa.