Daga "Girgiza Kai" zuwa bakin kanal: wa zai rera labarin Kura da Bunkure?

Duba waƙoƙin da ke cikin wayarka yanzu. Nawa ne a cikinsu suke maganar abin da ya hana mahaifinka barci a daren jiya? Na soyayya sun yi yawa, na habaici ga maƙiya ba a magana, na yabon 'yan siyasa kuwa sai dai ka goge wasu don wayar ta samu wuri. Amma farashin buhun taki, ko kwandon tumatir da ya ruɓe a Kwanar Gafan saboda babu mai saye, wa ya sa su a baiti?

Kafin ka ce gambarar zamani ba ta dace da irin wannan magana ba, bari ka ji abin da ya faru a nan Kano, lokacin da da yawa daga cikinku kuna firamare.

Lokacin da aka hana rawa

A shekarar 2007, bayan wata badaƙalar bidiyo da ta girgiza Kannywood, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Daga nan abubuwa suka yi zafi. A wannan shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan kundin bidiyonsa "Bahaushiya". A ƙarshen 2008 aka yanke wa furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri. A 2009 aka kama Aminu Ala. Mawaƙa da 'yan fim da dama suka tattara kayansu suka koma Kaduna da Abuja.

Cikin wannan yanayi wani matashi ɗan Kano, Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ya saki "Girgiza Kai". Dabarar tana cikin sunan waƙar: tunda rawa ta zama laifi, to a tsaya cik a girgiza kai kawai. Kai ma ka san abin da Bahaushe yake nufi idan ya ga abu ya girgiza kai bai ce uffan ba. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, har da ita a ciki.

Haramcin bai kashe ta ba. Lokacin babu TikTok, babu data mai arha. Bulutut ne ya yi aikin, daga waya zuwa waya, daga shagon masu tura waƙa zuwa majalisar samari. A 2010 Ziriums ya fitar da kundinsa "This Is Me" ta intanet, inda almakashin mai tacewa ba ya kaiwa. Ga matashin da ke rap da Hausa a wancan lokaci, wannan babban abu ne: ya nuna cewa ana iya faɗa wa hukuma magana da harshen gida, a kan kiɗan zamani, kuma duniya ta ji.

Ba shi ne na farko da Kano ta raina ba. Eedris Abdulkareem a Kano ya tashi kafin ya koma Legas. Kundinsa "Jaga Jaga" na 2004 ya fusata Shugaba Olusegun Obasanjo har aka hana sa waƙar a rediyo, amma mutane suka ci gaba da rera ta a titi. Bayan shekara 21, a 2025, hukumar NBC ta sake hana sa wata waƙarsa, "Tell Your Papa". A Senegal, mawaƙan Keur Gui na garin Kaolack suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, suka zaburar da matasa yin rajistar zaɓe. Kuma tun kafin su duka, Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da babu mai kallonsa sau biyu.

Abin da ke ƙofar gidanka

To, kai da kake Kura, ko Bunkure, ko Garun Malam, kana zaune ne a kan labarin da ya ishi kundi guda. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta ɗauko. Daga ita ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa gonaki ba tare da inji ba, a shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya shayar da hekta kusan 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shinkafa, alkama, masara, albasa da tumatir da ake ci har Legas, daga nan da yawansu suke fitowa.

Yanzu ka lissafa baitocin da kanka. Akwai kacala da ke toshe hanyoyin ruwa, ta bar mai gona a ƙarshen kanal yana jiran ruwa har tsakar dare, wani lokacin har da faɗa tsakanin maƙwabta. Akwai tsutsar tumatir da manoma suka raɗa wa suna sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016. A shekarar ce masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki, da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, amma ta yi ta buɗewa tana rufewa. Akwai cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa mai injin ban-ruwa yake lissafi sau uku kafin ya ja igiya. Akwai sauro da tsargiya da ke bin ruwan da ba ya gudu. Akwai matan Kura masu turara shinkafa, waɗanda hayaƙi ke cin idonsu kullum, ribar kuma ta tsaya a hannun dillali.

Wannan fa duk siyasa ce, ko da ba a ambaci sunan jam'iyya ba. Wa ya samu takin tallafi, wa bai samu ba? Me ya sa a lokacin kaka kwando yake faɗuwa warwas, bayan wata uku kuma ya gagari talaka? Mawaƙin birni ba zai iya amsawa ba, don bai taɓa kwana a gona yana gadin ruwa ba. Ke da kike taya mama shanya shinkafa, kin fi shi sanin kan zancen.

Amma ka shiga da ido a buɗe

Kada wani ya ruɗe ka cewa zamanin kamu ya wuce. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. Hukumar tacewa tana nan, kuma ikonta ya shafi mawaƙa. Saboda haka bambanci tsakanin suka da ɓata suna ba ƙaramin abu ba ne. Idan ka ce kanal ɗin ƙauyenku ya toshe, kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa. Idan ka kira sunan mutum ka ce ɓarawo ne ba hujja, ka ba da kanka, kuma ka ɓata wa masu gaskiya hanya.

Haɗari na biyu ya fi na farko daɗi, shi ya sa ya fi kama mutane. Da zarar waƙarka ta fara tashe, wani mai neman kujera zai aiko a kira ka. Babur ne, ko waya, ko kujerar Makka. Daga ranar da ka karɓa, bakinka ya zama nasa. Idan zaɓe ya wuce, waƙar ta wuce tare da fastocinsa.

Kayan aiki kuwa ba su kai wahalar zamanin Ziriums ba. Wayar hannunka tana ɗaukar murya, manhajojin haɗa kiɗa na kyauta suna nan, Audiomack da YouTube ba sa tambayar ɗan gidan wane ne kai. Kiɗan ma ba sai ka aro daga Amurka ba. Kakanninka da ganga suke fita gayya, makaɗan noma suna zuga su har rana ta faɗi.

Abin da ya rage shi ne aikin da ba a gani a bidiyo. Ka zauna da dattijon da ya ga zuwan ruwan Tiga, ka tambaye shi yadda garin yake kafin nan. Ka je Kwanar Gafan da asuba, ka ji yadda ake yanke farashi da wanda yake yankewa. Ka rubuta abin da ka ji, ka tabbatar da shi, sannan ka nemo masa amo. Idan ka gama, fara sa wa manomin da ka yi maganarsa ya saurara kafin ka ɗora a intanet. In ya gyaɗa kai, ka saki. In ya girgiza, ka koma ka sake rubutawa.