Ra'ayin Kawo Sauyi ko Tsattsauran Ra'ayi?

Sau da yawa akan kira ɗan takara mai neman sauyi da "mai tsattsauran ra'ayi". To, da wane ma'auni? Mu ɗauki misalin Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950. Ya yaƙi zaluncin karɓar haraji da jangali, ya kuma nema wa matan Arewa 'yancin ƙuri'a, masu mulki suka ce ya wuce gona da iri. Amma a 1979, shekarar da ya yi takarar shugabancin ƙasa a PRP, mata sun yi zaɓe, gwamnonin jam'iyyarsa na Kano da Kaduna kuma suka soke harajin. Ashe baƙuntar ra'ayi ba ta isa hujja ba. Abin da malami zai nusar da ɗalibai shi ne hanyar da ɗan takara ya bi: ta ƙuri'a ce ko ta tarzoma?