Sawu Ba Ya Ƙarya: Labarin Jaririyar Da Ta Ɓace A Zango

Duk wanda ya taɓa koro shanu daga Damagaram zuwa Maigatari, ko daga Tawa zuwa Illela, ko ya tsallako da su daga Cadi ya ratsa Kamaru har Mubi, ya san yadda daren zango yake. An shayar da dabbobi, an tattara su wuri guda, an hura wuta an ɗora shayi, manya suna hirar ciniki, yaran da suka wuni suna kora kuwa kowa ya ɓingire inda barci ya kama shi. Kafin mu kwanta sai mun ƙirga shanu, wani lokaci har sau biyu. To, yaran fa, wa yake ƙirga su?

Labarin da muka kawo muku a wannan fitowa daga nesa yake, daga ƙasar Ostireliya. Amma ku saurara da kyau, don kuwa a zango abin ya faru, da dare, manya suna zaune a bakin wuta.

ƘASAR DA KARENTA

Arewacin Ostireliya ƙasar kiwo ce mai faɗi, mai fari da jan rairayi, kuma har yau ana loda shanu da ransu a jirgin ruwa daga tashar Darwin zuwa Indunusiya. Su ba su da kura, amma suna da wani karen daji da suke kira dingo. In ka gan shi sai ka ce karen ƙauye ne, ja-ja-ja da shi, nauyinsa bai cika wuce kilo 15 zuwa 20 ba, ba ya yawan haushi sai dai kuka. Yana kashe tumaki da maruƙa, har ta kai masu kiwon can sun ja shingen waya mai tsawon fiye da kilomita 5,000 don su tsare garkunansu.

A tsakiyar ƙasar akwai wani babban jan dutse, Uluru, tsayinsa mita 348, tafiyar kamar kilomita 450 a mota daga garin Alice Springs. A da mutane kan zo kallonsa su kafa tanti a gindinsa su kwana. Da yake baƙi suna jefa wa karnukan nan sauran abinci, sai suka saba da mutane, suka daina gudu, suka fara shiga tsakanin tantuna. Shugaban masu gadin wurin ya sha rubuta wa hukuma takarda cewa abin nan zai jawo masifa, ba a yi komai ba.

DAREN 17 GA AGUSTA

A shekarar 1980, wani fasto mai suna Michael Chamberlain da matarsa Lindy suka zo daga garin Mount Isa da 'ya'yansu uku: maza biyu, mai shekara 6 da mai shekara 4, da jaririya Azaria mai sati 9 a duniya. Ranar 17 ga Agusta, wajen ƙarfe 8 na dare, uwar ta kwantar da jaririyar a cikin tanti kusa da yayanta mai shekara 4 da ya riga ya yi barci, ta koma wurin dafa abinci inda mijinta yake tare da wasu baƙi. Ba ta zuge ƙofar tantin ba, don a zatonta yanzu za ta dawo, kuma tazarar ba ta kai ta kawo ba.

Can sai aka ji kukan jaririya, gajere. Ba iyayen kaɗai suka ji ba, wata matar da ke tsaye tare da su ita ma ta ji. Uwar ta nufi tanti, sai ta ga dingo yana fitowa daga ƙofa yana kaɗa kai. Ta faɗa ciki, ta tarar da shimfiɗa ba kowa. Ta fito tana ihu cewa dingo ya ɗauke mata 'ya.

Nan da nan zango ya tashi. Mutane kusan 300 suka jeru da fitilu suka shiga daji cikin sanyi. A cikin tanti an ga jini, a bakinsa kuma ga sawun kare. Wani daga cikin baƙin da shugaban masu gadi, da kuma masu bin sawu daga 'yan asalin wurin, wato mutanen Anangu, suka bi sawun ya hau tudun rairayi. Suka ga alamar jan abu a ƙasa, suka ga inda dabbar ta ajiye kayanta ta huta, har da shatar saƙar riga a kan rairayi. Masu bin sawun suka ce wannan kare da kaya yake tafe, don takunsa ya fi nutsewa.

Ku da kuka san aikin nan, kun san abin da ake nufi. Makiyayin da zai dubi ƙasa ya gaya maka saniyar nan tana ɗingishi, waccan kuwa ciki gare ta, ba ya bukatar takardar makaranta kafin a yarda da shi. Gaskiyar magana tun daren farko tana rubuce a ƙasa.

YADDA ZANCE YA JUYA

Bayan sati guda aka tsinci kayan jikin jaririyar a gindin dutsen, kamar kilomita 4 daga zango, da jini a wuyan rigar. Ɗan sandan da ya fara isa ya ɗaga kayan ya dudduba, sannan ya mayar aka ɗauki hoto. Daga nan zance ya bazu cewa an tarar da kayan a shirye, kare kuwa ba ya shirya kaya. Uwar ta ce akwai wata 'yar rigar sanyi saƙaƙƙiya da ta ɗora mata a sama, ba ta cikin abin da aka tsinta. Ba a yarda ba, aka ce ƙirƙira ta yi.

A watan Fabrairu na 1981 alƙalin bincike na farko ya ce dingo ne ya ɗauki yarinyar, iyaye ba su da laifi. Amma bakin mutane bai mutu ba. Iyayen 'yan wata ƙaramar coci ne masu hutu ranar Asabar, wadda yawancin jama'a ba su san kanta ba, sai aka ce ai masu yanka 'ya'yansu ne. Aka ce ma'anar sunan Azaria hadaya a daji, alhali sunan Ibraniyanci ne mai nufin Allah ya taimaka. Aka ce an taɓa ganin jaririyar da baƙar riga. Aka ce uwar ba ta yin kuka yadda ya kamata a gaban masu ɗaukar hoto. Aka ce tun da ake ba a taɓa jin dingo ya ɗauki mutum ba.

Aka sake buɗe bincike. Masu gwaji suka ce sun ga jinin jariri a cikin motar iyayen, wani ƙwararre daga Ingila ya ce ya ga shatar hannun mutum da jini a jikin rigar. Masu ƙara suka ce cikin 'yan mintocin da uwar ta bar bakin wuta, ta shiga mota ta yanka 'yarta da almakashi, ta ɓoye gawar a jakar kyamara, ta goge jikinta, ta dawo ana hira da ita. Ba gawa, ba makami, ba wanda ya gani, ba dalilin da zai sa ta aikata. Maganar masu bin sawu kuwa ba ta yi nauyin takardun ƙwararru ba.

Ranar 29 ga Oktoba, 1982, kotu a Darwin ta ɗaure Lindy rai da rai, tana da tsohon ciki. Mijin aka yanke masa wata 18 amma ba a kai shi gidan yari ba. A tsare ta haihu. Suka ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, a 1984 aka kori ƙarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: kare ya ci, uwa ta biya.

'YAR RIGAR TA FITO

A farkon 1986 wani ɗan Ingila ya faɗo daga kan dutsen Uluru ya mutu. Ana cikin neman sauran gawarsa a wani wuri mai ramukan dingo, ranar 2 ga Fabrairu, sai ga 'yar rigar sanyin nan a cikin rairayi, wadda aka ce babu ita a duniya. Kwana 5 bayan haka aka saki Lindy, ta riga ta shafe kimanin shekara 3 a kurkuku.

Kwamitin bincike da ya kai rahotonsa a 1987 ya tona sauran. Abin da aka ce feshin jini ne a ƙarƙashin gaban mota, ashe wani sinadari ne da masana'anta ke fesawa don rage ƙara. Gwajin da aka yi amfani da shi kuma yana iya ruɗuwa da ƙurar tagulla, ga shi Mount Isa garin haƙar tagulla ne. A wannan karon an zaunar da masu bin sawu an saurare su, suka maimaita abin da suka faɗa tun farko. Ranar 15 ga Satumba, 1988, kotu ta wanke mata da miji. A 1992 aka biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 1.3, wadda ba ta rufe abin da shari'a ta ci ba. Auren kuwa ya riga ya mutu a 1991.

A 2001 karnukan dingo suka kashe yaro mai shekara 9 a tsibirin Fraser, masu cewa ba ya taɓa mutum suka yi shiru. Duk da haka sai ranar 12 ga Yuni, 2012, bayan shekara 32, alƙaliyar bincike Elizabeth Morris ta rubuta a takardar mutuwa cewa dingo ne ya ɗauki Azaria. Gawarta ba a taɓa gani ba.

Kada kuma a ɗauka kullum dabba ce. A watan Oktoba na 2021, a yammacin wannan ƙasa dai, yarinya mai shekara 4 ta ɓace daga tantin iyayenta da dare, kusa da garin Carnarvon. A nan 'yan sanda sun lura da abu guda: an zuge ƙofar tantin zuwa tsayin da hannun yarinyar ba zai kai ba. Wato mutum ne ya buɗe. Suka bi wannan hanya, bayan kwana 18 suka same ta da rai a wani gida a kulle a cikin garin, a 2023 aka ɗaure mutumin shekara 13 da rabi. A kwanakin nan 18 ma, sai da wasu suka yi ta zargin iyayen.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a daji muke kwana, da yaran kora, wani lokaci da iyali, kusa da rugage da mashekarai masu ƙananan yara. Ga kura, ga rijiyoyi marasa murfi, ga tafki da damina, ga kuma ɗan Adam.

Na farko, a kwantar da yara a tsakiya, tsakanin manya da wuta, ba a gefe ba. Wanda ke tsaron dare ya san adadinsu kamar yadda ya san adadin shanu, in za a canji tsaro a ƙirga. Ƙashi da sauran tuwo da mushe a kai su nesa da makwanci, don abin da ya saba samun abinci a bakin zango wata rana ciki zai shigo.

Na biyu, in Allah ya kawo tsautsayi aka nemi yaro aka rasa, kada kowa ya bazama. Madugu ya tsayar da jama'a, a riƙe shanu kada su motsa, don garke guda in ya ratsa wuri ya shafe sawu har abada. A ba mutum ɗaya ko biyu da suka fi sanin ƙasa tocila su zagaya makwancin yaron tukuna, su faɗi abin da suka gani a gaban shaidu. Wasu kuma su nufi rijiya da tafki kai tsaye. In an tsinci riga ko takalmi, kada a ɗaga, a ɗauki hotonsa da salula yadda yake.

Na uku, a sanar da mai gari da jandarmomi ko 'yan sanda a daren, kada a ce sai gari ya waye. In zangon kusa da iyaka yake, a sanar da hukumar ɓangarorin biyu, a kira sarkin zango da dillalan kasuwannin gaba da na baya, a faɗi shekarun yaro da kamanninsa da kayan jikinsa. Mu da labarin farashin bijimi ke isar mana daga Legas kafin azahar, cigiyar yaro ba za ta gagare mu ba.

Na huɗu, kuma shi ne mai wuya, a riƙe baki. Idan yaro ya ɓace, zargi yakan faɗa kan wanda ya fi rauni: uwa, ko kishiyar uwa, ko yaron haya da aka ɗauka a hanya, ko baƙon da ya kwana, ko wanda yarensa da al'adarsa suka bambanta da na mutanen gari. Wani baƙin ciki yakan sa shi kururuwa, wani ya sa shi ya daskare, ba a gane mai laifi da yawan hawaye ko ƙarancinsu. Kuma mu tuna, mu fatake da zarar mun tsallaka iyaka mu ne baƙin. Ranar da yaro ya ɓace a ƙauyen da muka yada zango, mu za a fara kallo, kuma a ranar za mu so a ce an dubi ƙasa kafin a dubi fuskarmu.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da dukiyarmu, ya kai kowa kasuwa lafiya ya dawo da shi gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.